Murfin bawul yana yoyon mai bayan obahol: a ƙara silikon ne?

Tambaya daga wani yaron aiki a Suame Magazin, Kumasi:

Salamu alaikum Masta. Shekarata ta uku ke nan ina koyon aikin fita, wato kanikancin mota. Mun yi wa wata Corolla 2005 mai injin 1ZZ obahol, wato mun kwance injin mun sabunta kayan cikinsa. Maigidana ya haɗa komai har taimin, wato sarƙar da ke daidaita buɗewar bawul, sai aka yi masa rasuwa ya tafi Tamale, ya bar mini murfin sama in rufe. Na mayar da tsohon fakin, wato robar da ke toshe bakin murfin, tunda bai yage ba, na zagaye shi da jan silikon, na ɗaure tamau. Bayan kwana biyu mai motar ya dawo, mai yana zuba ta gefen taimin, kuma na tarar da mai a ramin fulogi na biyu. Da na ƙara ɗaurewa, noti ɗaya ya koma juyawa kawai ba ya kamawa. In ƙara silikon ne, ko murfin ne ya lalace? Ina so in gyara kafin maigida ya dawo.

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya jiƙan wanda ya rasu, Ya dawo da maigidanka lafiya.

Ajiye silikon ɗin nan tukuna. Ko ɗigo kada ka ƙara, kuma kada ka sake ɗora sifana a kan notunan nan. Murfin zai sake fitowa, a wanke, a sa sabon fakin, a rufe daga farko. Da wuya a ce murfin ne ya lalace, amma idan ka ci gaba da matsa shi za ka kai shi can.

Ka fara gane abin da murfin nan yake tarewa. Man da ke ƙarƙashinsa ba mai ƙarfin turi ba ne irin wanda famfo yake aikawa cikin berin. Fantsama kawai yake yi, kamshaf na juyawa yana watsa shi, ya gangara ta ramuka ya koma ƙasa. Shi ya sa aka wadatu da roba siririya a cikin kwarmin murfin. Robar tana toshe hanya ne da laushinta: an danna ta kaɗan, ita kuma tana ƙoƙarin komawa yadda take, wannan turin da take yi sama da ƙasa shi ne duk aikin. Robar da ta yi shekaru tana shan zafi, musamman a motar da ke wuni cikin cunkoson Kejetia da Sofoline, ta riga ta gasu. Idan ka cire taka, danna farcenka a jikinta. Sabuwa za ta lotsa ta dawo. Tsohuwa za ka ji ta kamar busasshiyar ganda, wani lokaci ma kana lanƙwasawa ta karye ƙas. Rashin yagewa ba ya nufin tana da rai. A ce an sayi ringi da berin da fakin hed, sannan a yi rowar robar murfi, wannan tsimin banza ne. Yawanci ma tana zuwa a cikin kwalin fakin obahol, ka duba shago ko tana nan a jingine. Idan sabuwa za ka saya, ka lanƙwasa ta a hannu a gaban mai shago, ka gwada ta a kwarmin murfin kafin ka biya, domin jabu ta cika kasuwa, daga nan har kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Accra, kuma wata takan zo da ɗan tsawo ko ɗan gajarta.

Sai maganar silikon, wadda ita ce ta fi damuna a cikin wasiƙarka. Ɗanyen silikon santsi gare shi. Idan ka shafe roba da shi sama da ƙasa sannan ka ɗaure, robar takan zame daga mazauninta, ta bulluƙo ta wani gefe, ta bar kafa a wani gefen. Na waje kana ganinsa, ka sa yatsa ka share, ka ce aiki ya yi kyau. To duk yawan da ya fito waje, kwatankwacinsa ya fito ta ciki, inda ba ido ba yatsa. Can zai bushe, zafi da mai su ɓamɓare shi, ya bi ramukan da mai ke komawa ya sauka cikin samf, wato kwanon da mai yake taruwa a ƙasan inji.

Wata shekara an jawo mini wata tasi da igiya daga wajen Aboabo, fitilar mai tana kamawa idan injin ya yi zafi. Direban ya rantse mini ko wata biyu ba a yi da yi masa obahol ba a wani gareji. Da muka sauke samf na ciro matatar da famfon mai yake zuƙa ta cikinta, sai ga ragar ta toshe da jan silikon, zare-zare, sun nannaɗe kamar taliyar da ta kwana a tukunya. Na riƙa zaro su da tsinke ina jerawa a kan kwali, direban yana tsugune yana kallo, ya ajiye ledar kokonsa ya kasa sha. Berin sun riga sun ci karanshaf. Silikon na 'yan sidi ya jawo masa obahol na biyu. A injinka kuma akwai wata 'yar raga ƙarama a jikin hed wadda take tace man da ke zuwa VVT-i, na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, ita ba ta buƙatar taliya, ɓarɓashi kaɗan ya ishe ta. Don haka idan ka buɗe, ka haska tocila ka bi gefen hed ta ciki, duk wani jan abu da ka gani yana lilo ka ciro shi a hankali kada ya faɗa. In ka ga wurin da alama ta nuna ya riga ya ɓalle ya tafi, to a sauke samf a duba. Aikin awa ɗaya ne ko biyu, kuma ya fi sauƙi a kan abin da na ba ka labari.

Silikon yana da gurbinsa a wannan injin, wuri biyu kacal. Idan ka tsaya a gefen taimin, wato gefen fasinja, ka dubi saman da murfin yake zama, za ka ga layi inda murfin sarƙar taimin ya haɗu da hed, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Ƙarfe biyu ne aka haɗa, kuma duk iya haɗawa sai an sami ɗan tudu ko 'yar tsaga a mahaɗar, wadda roba ba ta iya shiga. Nan ne ake ɗiga silikon, kamar girman ƙwayar wake a kowane wuri. Ina kyautata zaton yoyon da kake gani ta gefen taimin daga ɗaya cikin wuraren nan ne, domin in an ɗora sabon silikon a kan tsoho, ko a kan ƙarfe mai maiƙo, ba ya kamawa. Littafin gyaran Toyota ya ce a ɗora murfin cikin minti 3 bayan an shafa, kuma a ba shi aƙalla awa 2 kafin mai ya taɓa shi. Ma'ana sai ka gama shirya komai, robar tana cikin kwarminta, notuna suna jere a gefenka, sannan ka buɗe bakin silikon. Idan an kira sallah, je ka yi ka dawo kafin ka shafa. Ka nemi baƙi ko ruwan toka wanda aka yi don man inji, kuma aka rubuta ba ya cutar da sensa. Wanda kake buɗewa tsami ya bugi hancinka, irin na masu sa gilashin taga, tururinsa yana iya lalata sensar iskar oksijin da ke jikin salansa.

Wanki shi ne rabin aikin, kuma shi ne wanda yara suka fi ƙi. Hed ɗin alminiyam ne, yana da taushi. Kada ka kankare shi da sukundireba, kada ka sa masa sanfefa ko burushin waya. Ƙarce ɗaya da ya ratsa saman daga ciki zuwa waje ya zama magudanar mai har abada. Yi amfani da abin kankara na roba, ko tsohon katin waya, sannan ka goge da tsumma mai tsabta da maganin wanke birki har tsumman ya daina ɗauko baƙi. Kwarmin murfin ma haka, duk silikon da ka cusa sai ya fita tas. Ka juya murfin ka dubi farantin da ke cikinsa, wanda yake raba mai da tururi. Bayansa daddawar tsohon mai takan taru. A jiƙa shi, a girgiza, a sake, har ruwan wankin ya fito fari, a bar shi ya bushe sarai. Kada ka kuskura ka wanke shi da yashi kamar tukunya, na sha ganin yara suna yi a bakin kwata. Yashin yana maƙalewa bayan farantin, ranar da mai ya yi zafi ya sako shi a kan kamshaf. Kuma idan lokacin hunturu ne, ƙurar Magazin ka san ta, ko ruwa za ka je sha ka lulluɓe injin da leda mai tsabta.

Akwai wani ƙaramin abu da ake mantawa: ramukan notuna. Idan mai ya cika rami ka ɗaura noti a kansa, notin zai yi tauri kamar ya kai, alhali a kan mai yake zaune, murfin bai danne ba. Hura su da iska, ko ka nannaɗa tsumma a tsinke ka tsane su.

Tunda murfin zai buɗe, kada ka yi asarar damar. Injin ya yi kwana biyu yana aiki bayan obahol, saboda haka ka duba ko mai ya jiƙa kowane ƙullutun kamshaf daga farko har ƙarshe. Wurin da ka gani a bushe ko ya yi shuɗi, tsaya nan, magana ta wuce ta murfi. Idan injin ya huce sarai, sa fila geji, siraran ƙarafan auna tazara, ka auna tazarar bawul. A 1ZZ na shigar iska milimita 0.15 zuwa 0.25 ne, na fitar hayaƙi 0.25 zuwa 0.35. Wannan injin ba shi da sukurun gyaran tafet irin na tsofaffin motoci, sai dai a canza kofin da ke kan bawul da mai kauri daban, kuma wannan sai an ɗaga kamshaf. In ka ga lamba ta kauce, rubuta ta a takarda ka ajiye wa maigida, kada ka taɓa. Kafin ka rufe kuma ka ƙirga tsummokaranka da soket ɗinka. Ina yaron aiki na taɓa rufe murfi a kan tsumman da na cusa a ramin komawar mai. Allah Ya taimake ni na tuna ina tsakiyar cin wake da shinkafa, na ajiye cokali na ruga. Har yau ba na rufe inji sai na ƙirga.

Wajen ɗorawa, kifa murfin a kan benci, ka sa robar a kwarminta a bushe. Fara da kusurwoyi da zagayen ramukan fulogi, sannan ka bi tsakani kana dannawa da babban yatsa. Kada ka ja ta, in ka ja za ka isa ƙarshe da ragowar da ba ta da wurin zama. Ɗaga murfin ka juya shi, idan ta zauna daidai ba za ta faɗo ba. Kawar da wayoyin koyil da tiyo gefe, ka ɗaure su da igiya in ta kama, domin waya ɗaya da ta shiga ƙarƙashin murfi ta isa ta sa yoyo kuma ta sa wuta ta riƙa yankewa. Ɗiga silikon a wuraren nan biyu, ka sauke murfin a miƙe daga sama, sau ɗaya, ba tare da goga shi hagu da dama ba. Sai ka zagaya da tocilar wayarka, musamman ta baya wajen da ido ba ya kaiwa, ka tabbata robar ba ta leƙo ba.

Yanzu ɗauri, inda ka ji ciwo. Kowane noti ka fara shi da yatsu har ya zauna, ba sifana. Wanda ya ƙi tafiya da yatsu, akwai dalili, fitar da shi ka duba. Sannan ka fara daga tsakiya kana fita waje, kana tsallakawa gefe da gefe, a zagaye biyu ko uku, kowane zagaye ƙari kaɗan. Idan ka ɗaure kusurwa ɗaya har ƙarshe tun farko, murfin ya karkata ke nan, sauran notunan kuma za su yi ta kokawa da shi. Awon ƙarfin ɗauri da aka ba notunan wannan murfi shi ne 11 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), biyu na tsakiya masu wasar roba kuma 9 Nm. Wasoshin nan biyu ma sababbi ake sawa. Don ka ji ƙanƙantar lambar a hannunka, notin tayar wannan Corolla ɗin 103 Nm ne. Wato abin da murfin yake so kusan kashi ɗaya cikin goma ne na ƙarfin da kake sa wa taya. Noti ne mai kaurin milimita 6, kansa sifana 10, yana shiga cikin alminiyam, kai kuma hannunka ya saba da notin hed.

Ka yi hattara da wani tarko, tunda yawancin Corolla ɗin nan daga Amurka ake shigo da su ta Tema, kuma lambobin da za ka gani a waya na can ne. Suna da awo iri biyu masu kama da juna a rubuce, in-lb da ft-lb, kuma na biyun ya ninka na farkon sau 12. 80 in-lb shi ne 9 Nm. 80 ft-lb kuwa ya haura 100 Nm. Wanda ya rikita su, kan notin zai tsinke a hannunsa kafin sifanar ta yi ƙara. Babbar sifanar awo da ake ɗaure hed da ita ma ba ta da gaskiya a ƙananan lambobi irin waɗannan, ƙarama ake nema. A Magazin ba za a rasa mai ita a layinku ba, je ka gaishe shi da ladabi ka aro. In ta gagara, ɗauki ƙaramin raci, ka riƙe shi a wuya kusa da soket, ba a ƙarshen mariƙi ba, ka juya da wuyan hannu. Da ka ji ya tsaya, ya isa.

Notin da ke juyawa ba ya kamawa, fitar da shi ka duba jikinsa. Idan ka ga wani abu kamar siririn sifirin mai ruwan azurfa a naɗe a haƙoransa, haƙoran ramin ne ka ciro. Kada ka cusa masa waya ko zare, kada ka tura noti mafi kauri da ƙarfi, bakin hed a wurin siriri ne yana iya tsagewa. Maganinsa helikoyil mai awon M6 × 1.0: a faɗaɗa ramin da ɗan diril ɗin da ya zo da shi, a yanka sababbin haƙora, a murɗa zoben ƙarfe a ciki, notin asali ya koma wurinsa. In an yi shi da kyau ya fi na da ƙarfi. Sai dai aiki ne da ake yi a kan buɗaɗɗen inji, ɓarɓashin ƙarfe na zuba, don haka a rufe ko'ina da tsumma da salatif, a shafa giris a jikin abin yanka haƙoran don ya kama ɓarɓashin, kuma diril ya tsaya a miƙe, kada ya zarce zurfin ramin. Shi kuma murfin, bayan wanki, kifa shi a kan gilashi mai kauri ka gani ko yana rawa, ka duba kewayen ramukan notuna ko akwai tsaga kamar gashi. Idan akwai, nemi na hom yus, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, kada ka ɓata kuɗi wajen walda.

Man da ke ramin fulogi daga wannan robar yake, domin a 1ZZ zagayen ramukan fulogi a jikin fakin murfin suke. Tsane man da tsumma ko sirinji kafin ka kwance fulogin, in ba haka ba duk ya zube cikin silinda tare da dattin da ke ciki. Duba robar ƙafar koyil ɗin. Mai yana kumbura ta, wuta ta riƙa tsallakewa gefe, injin ya riƙa tuntuɓe, kwamfuta ta ba ka lambar matsala P0302 tunda silinda ta biyu ce. In ta yi laushi ta buɗe baki, canza ta. Idan kuma ka ciro fulogin ka ga mai a bakinsa na ciki inda wuta ke tashi, wannan daga ƙasa yake, maganar ringi ce ko robar bawul, ba ruwan murfi.

Abu biyu kuma nake so ka duba kafin ka ɗora wa murfin laifi duka. Na farko ɗan bawul ɗin numfashi, PCV, da ke jikin murfin. Kowane inji yana da hayaƙin da ke kuɓucewa ta gefen ringi zuwa ƙasa, kuma sabon ringin da bai gama zama ba ya fi sakin sa. Idan PCV ya toshe, hayaƙin ya rasa mafita, zai tura mai ta duk inda ya fi rauni, ko da ka sa fakin mafi tsada a Kumasi. Kwance shi ka girgiza a kunne, lafiyayye yana yin ƙas-ƙas. Wanda ya yi shiru ya cika da datti, tiyonsa ma ka busa ka ji. Na biyu, abin da ke ɗame sarƙar taimin, wato tenshina. A wannan injin yana maƙale ta baya a gefen taimin, ƙasa kaɗan da bakin murfin, da noti biyu, kuma yana da zoben roba wanda ya yi ƙaurin suna wajen yoyo. Masu aikin fita da yawa sun canza fakin murfi sau biyu sau uku alhali zoben nan ne. Idan ba a canza shi lokacin obahol ba, ina zarginsa daidai da yadda nake zargin silikon ɗinka. Amma cire shi yana taɓa taimin, akwai yadda ake ɗana shi a sake shi, ka bari sai maigida yana tsaye.

Hanyar raba gardama mai sauƙi ce. Bayan ka rufe, awa biyun nan sun wuce, ka duba mai a sanda, ka wanke gefen injin ya bushe ƙayau, sai ka barbaɗa farar hoda ta jarirai a bakin murfin da kewayen tenshina. Tada injin ya yi zafi har fanka ta kama, ka ɗan zaga da motar, ko zuwa hanyar Offinso ka dawo. Mai ƙasa yake gangarawa, don haka wurin da ya fi sama inda hodar ta yi duhu, nan ne mafarin. Idan ka ga hayaƙi yana tashi ta bayan injin a mintunan farko, tsohon man da ya zuba a kan manifol, bututun fitar hayaƙi, ne yake ƙonewa, amma ka tsane shi da kyau tun kafin ka tada, mai a kan ƙarfe mai zafi ba abin wasa ba ne.

Ka ce kana so ka gyara kafin maigida ya dawo. Wankin, da sayen roba, da duba PCV, duk ka yi su yau. Diril kuwa kada ya taɓa hed ɗin mutane ba da saninsa ba. Bari a idar da sallar isha'i, lokacin masu gaisuwa sun ragu, ka kira shi, ka fara yi masa ta'aziyya, sannan ka gaya masa noti ɗaya ya cinye haƙora a hannunka. Zai yi faɗa, wataƙila sosai. Daga nan zai gaya maka wanda za ka kira a layin ya sa helikoyil ɗin, kai kuma ka tsaya kusa ka riƙe masa tocila.